Yadda Ake Tsara Tallafin Bai-ɗaya A Unguwa Guda Cikin Kano, Idan Inji Ya Fara Karɓe Aikin Mutane

Tallafin bai-ɗaya shi ne a riƙa bai wa kowane baligi da ke zaune a wani yanki kuɗi daidai wa daida, duk wata, ba tare da an tambaye shi yana da aiki ko ba shi da shi ba, kuma ba tare da an gindaya masa yadda zai kashe ba. Maganarsa ta yi ƙarfi a duniya ne saboda injina da kwamfutoci suna ta karɓe ayyukan da hannu yake yi. A Kano ma abin ba baƙo ba ne. Injin surfani na kwamfuta mai kai shida ko goma sha biyu yana fitar da wuyan riguna masu yawa kafin mai aikin hannu ya kammala guda. Injin gyaran riɗi yana tace buhunan da a da sai an tara mata da faifai da rariya. Masu buga takardu a bakin kotuna da manyan makarantu sun ga yadda wayar hannu ta rage musu ciniki, manhajar banki kuma ta rage buƙatar mai zama a kanta yana ƙirga kuɗi.

Abin da za mu bayyana a nan shi ne yadda ƙungiyar cigaban unguwa, ko gidauniyar wani attajiri, ko ƙaramar hukuma za ta tsara gwajin wannan tallafi a yanki ɗaya, ta gudanar da shi shekara biyu, ta fito da sakamakon da za a iya dogara da shi.

A fara da lissafi

Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4. Ko da a ce ba a ƙara haihuwar kowa ba tun lokacin, bai wa kowa naira 10,000 a wata zai ci sama da naira tiriliyan 1.1 a shekara. Kasafin kuɗin da jihar ta fara shekarar 2025 da shi gaba ɗaya bai wuce kimanin naira biliyan 720 ba, da albashi da asibitoci da makarantu da tituna duk a ciki. Saboda haka tallafin da zai game jihar nan ba abu ne da aljihun jiha zai ɗauka a yanzu ba, kuma duk wanda ya yi muku alƙawarinsa ku nemi ya nuna muku lissafinsa. Inda aka ga irinsa ya ɗore, kamar jihar Alaska ta Amurka da take raba wa mazaunanta ribar asusun man fetur duk shekara tun 1982, akwai dukiyar da aka ware tun 1976 tana haihuwa, mutanen kuma ba su kai miliyan ɗaya ba.

Abin da zai yiwu shi ne gwaji mai iyaka. Mu ɗauki manya 1,000, kowa naira 15,000 a wata. Shekarar farko naira miliyan 180 ke nan. A shekara ta biyu ku ware ƙarin kashi 25 cikin 100 saboda tashin farashi, ya zama miliyan 225. Jimla miliyan 405. Ku ɗora kimanin kashi 12 cikin 100 na gudanarwa, wato masu ƙidaya, cajin banki, ofishin koke da masu bincike, sannan kashi 5 na ko-ta-kwana. Za ku tsaya kusa da naira miliyan 475. Idan kuɗin da ke hannu bai kai haka ba, ku rage yawan mutane ta hanyar ƙaranta yankin. Kada ku rage tsawon lokaci, kada kuma ku fara biya da fatan sauran kuɗin zai zo a hanya. Kuɗin wata 24 cif su kasance a ajiye a asusu na daban, mai sa hannun mutum uku, kafin a tura wa kowa ko kwabo.

Daga ina kuɗin zai fito? A nan akwai abin da mutane da yawa suke tsallakewa. Zakka ba za ta biya tallafin bai-ɗaya ba, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade rukuni takwas da ake ba su, mawadaci kuwa ba ya cikin masu karɓa don buƙatar kansa, alhali wannan tallafi har shi yake haɗawa. Sadaka ta nafila da hubusi, wato kadarar da aka tsayar don Allah ana amfana da ribarta, su ne ƙofar da ta fi faɗi, tunda mai hubusi yana da damar ya ce amfanin na mazauna unguwa kaza ne baki ɗaya. Sai dai a san nauyin abin: idan kadara tana bayar da ribar kashi 6 cikin 100 a shekara bayan gyara da haraji, ana buƙatar ta naira biliyan 3 kafin ta haifar da miliyan 180. Ku zauna da malamai da Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha tun kafin a rubuta takardar hubusin, don kada a zo daga baya ana jayayya a kan sharaɗin mai bayarwa.

Kada a ce sai wanda inji ya kora

Wannan shi ne kuskuren da ya fi saurin shigowa, domin a ido yana kama da adalci. Za a ce tunda saboda injina aka kawo tallafin, to a bai wa waɗanda inji ya raba da aikinsu kawai. Ku gwada rubuta wannan sharaɗi a takarda za ku ga inda zai kai ku. Mai surfanin hannu ba a kore shi daga ko'ina ba, ciniki ne ya ja baya a hankali, babu wata takardar sallama da zai nuna. Wanda ya bar masaƙa a Sharaɗa ko Bompai ko Chalawa, galibi rashin wutar lantarki da kwararowar atamfar waje ne suka rufe masana'antar, ba sabon inji ba. Mai sayar da abinci a ƙofar masana'antar ita ma ta rasa abin yi, amma ba ta taɓa zama ma'aikaciya ba. Wa za a cire a cikinsu? Duk inda aka ce sai an tantance, an buɗe kasuwar takardun bogi, an kuma miƙa wa mai tantancewa ikon da zai iya sayarwa.

Sharaɗi kuma yana sauya halin mutane ta inda ba a zata ba. Littattafan tarihi sun rawaito cewa a zamanin Sayyadina Umar ana sanya yaro a rajistar baitulmali ne bayan an yaye shi, sai ya gano iyaye mata suna gaggauta yaye don rabon ya fara, ya mayar da abin tun daga haihuwa. Haka zai faru idan aka ce sai marar aiki: wanda ya samu aikin wucin gadi a Kantin Kwari zai ɓoye, ko ya ƙi karɓa.

Don haka sharaɗi biyu kawai za a sa: shekara 18 zuwa sama, da zama a cikin yankin na aƙalla wata 12 kafin ranar da aka tsayar. Attajirin da ba ya buƙata a ba shi damar ya sa hannu ya mayar da rabonsa asusu, amma kada a cire shi da ƙarfi.

Shata iyaka da ƙidaya

Mazaɓa guda a Dala ko Fagge ko Gwale ta fi ƙarfin wannan kasafi nesa. Manya 1,000 a cikin birni 'yan lunguna ne. Ku zaɓi iyakar da ido yake gani kuma ba a gardama a kanta, kamar titi, babbar kwata, badala ko layin dogo, ku zana ta a taswira, ku bi ta da ƙafa tare da mai unguwa. Ku fitar da yankuna huɗu ko shida masu kama da juna a sana'a da ƙarfin aljihu, sannan a jefa ƙuri'a a bainar jama'a, gaban hakimi da dagatai da limamai, a fitar da wanda zai karɓa da wanda za a riƙa kwatantawa da shi. Ƙuri'ar ita ce za ta kare ku daga zargin son kai. Ku kuma kauce wa shekarar zaɓe, kada shugaban jam'iyya na mazaɓa, ko wace jam'iyya ce, ya riƙe rajista.

Ƙidaya a gama ta kafin a bayyana yankin da ƙuri'a ta faɗa wa. Idan aka juya tsarin, cikin mako guda gidan mutum takwas zai koma na ashirin, 'yan uwa daga ƙauye duk sun zama mazauna.

Kowace tawaga ta zama namiji da mace. Namijin ya tsaya a zaure da maigida, macen ta shiga ciki, domin yawancin gidajen ba a shiga, kuma idan aka bar maigida ya lissafo mutanen gidansa a baki, sau da yawa za a rasa bazawarar da ta dawo gida, da tsohuwar da ke ɗakin ƙurya, da 'yar aikin da ta shekara uku a gidan. Tambayar ta zama a fili: "Baba, wa da wa suke kwana a gidan nan?" ba "Su wa ne iyalinka?" ba. Da wannan tambaya 'yan haya za su shigo, da mai gadi, da gardin da ke kwana a makarantar allo. A ciki kuma mai ƙidaya ta ga kowace mace da idonta, ta tambaye ta, "Hajiya, layin wayar nan da sunanki aka yi masa rajista, kuma a hannunki yake kwana?" Amsar wannan tambaya ita ce za ta nuna ko kuɗin zai kai gare ta.

Bayan ƙidaya a kafe sunaye mako biyu a ƙofar gidan mai unguwa da masallatai da makarantar Islamiyya, sunaye kawai, ban da lambar waya ko ta asusu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sanya yardar mutum cikin dalilan da suke halatta tattara bayanansa, don haka a karanta wa kowa takardar yarda da Hausa, ya sa hannu ko ya dangwala.

A biya mutum, ba gida ba

Shirin gwamnatin tarayya na naira 5,000 a wata, da na naira 25,000 na wata uku da aka sanar a 2023 bayan cire tallafin mai, duk gida suke ƙirgawa. A gidan da akwai mata uku, da 'ya'ya masu aure a sasan baya, kuɗi ɗaya a hannun mutum ɗaya rigima yake haifarwa. A tallafin bai-ɗaya kowane baligi da asusunsa: uwargida da nata, amarya da nata, maigida da nasa. Masu fargabar cewa za a ƙwace wa mata su dubi shirin da aka yi a Jigawa da Zamfara, inda aka riƙa bai wa masu juna biyu naira 3,500 a wata har ɗansu ya shekara biyu. Binciken da aka yi a kansa ya nuna mafi yawan matan su suke yanke shawarar yadda za a kashe kuɗin. Abin da ke taimakawa shi ne a yi wa maza bayani tun farko, ta bakin limamin unguwa, cewa dukiyar mace tata ce, kuma wannan kuɗi bai sauke wa miji nauyin ciyarwa ba.

Hanyar biya da inda take lalacewa

Kada a raba tsabar kuɗi a fili. Layi yana jawo turmutsutsu da 'yan kamasho, tsofaffi da matan kulle kuma su ake bari a baya. A tura ta asusu, kowanne a haɗe da lambar NIN, wadda da ita za a gano wanda ya shiga rajista sau biyu.

Wata guda cur ku ware don gyaran suna. Mutum ɗaya zai zama Muhammad a katin ɗan ƙasa, Mohammed a BVN, Mamman a bakin maƙwabta. A'isha a nan, Aishatu a can. Ranar haihuwa kuma ta sha bamban. Kowane irin wannan saɓani yana iya mayar da kuɗi baya. Kafin biyan farko a tura wa kowa naira 100 na gwaji, a bi gida-gida a tabbatar saƙo ya shigo.

Layin waya da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yana iya sake sayar da shi, sai saƙon kuɗin wata tsohuwa ya koma shiga wayar wani baƙo. A riƙa duba layukan duk wata uku. Akwai harajin naira 50 a kan tura kuɗin da ya kai naira 10,000, ga cajin mai POS a sama. Ku ƙara wannan a kan abin da kuke turawa don 15,000 ta isa hannu a cike. Ku yi yarjejeniya a rubuce da masu POS biyar ko shida na yankin a kan caji guda, a liƙa shi a jikin rumfa, a sanar da su ranar biya da wuri don su tanadi tsabar kuɗi. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya san yadda caji yake tashi idan kuɗi ya yi wuya. Ku raba ranakun biya gida huɗu, mutum 250 kowace rana, amma kowa ranarsa ta tsaya ba ta motsi. Kuɗin da mutum ya san ranar zuwansa shi yake iya gina shiri a kansa, ya shiga adashi, ya karɓi kaya bashi da ƙwarin gwiwa.

Ɓarnar da ta fi yawa a rumfar POS take faruwa, kuma ba da faɗa ba. Tsohuwa ta miƙa kati ta ce, "Ɗana, ga shi, ai ka san lambar." Daga nan katin ya koma zama a aljihun mai rumfa. A hana ajiye kati wurin kowa, wanda ba ya iya danna lamba ya zaɓi amintacce guda a rubuta sunansa, a riƙa ziyartarsa ana tambayar nawa ya shigo hannunsa. Ofishin koke ya kasance dabam da masu ƙidaya da masu biya, da mace a ciki, da lambar waya, da littafin da ake rubuta ranar da koke ya shigo da ranar da aka warware shi. Mafi yawan koken zai zama na "an cire ba a ba ni ba", wanda yake buƙatar mai bibiyar banki har kuɗin ya dawo.

Kada tashin farashi ya cinye shi

A ƙarshen 2010 Iran ta cire tallafin mai ta fara bai wa kusan kowa riyal 455,000 a wata, kimanin dala 45 a lokacin. Aka bar adadin a tsaye shekara da shekaru, farashi ya yi ta hawa, har kuɗin ya zama ba ya sayen abin kirki. A Najeriya hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, don haka wannan ba tsoron banza ba ne.

Ku ɗaure tallafin da awo. Ku tsayar da kayan da za a riƙa aunawa, misali kwano uku na masara ko gero, kwano ɗaya na shinkafa 'yar gida, kwano ɗaya na wake, kwalbar man gyaɗa, da kuɗin adaidaita sahu zuwa Sabon Gari da dawowa. A makon farko na kowane wata mutum biyu su ɗauko farashi daga masu awo uku, ɗaya a cikin yankin, biyu a wajensa. Duk wata shida a daidaita tallafin da matsakaicin farashin. Masu awon waje suna da wani amfani: idan na cikin unguwa ya fi su tsada tun da aka fara biya, kun gano ana cin kasuwar masu karɓa. Haka kuɗin haya, a rubuta na kowane ɗan haya tun ranar ƙidaya, a zauna da masu gidaje gaban mai unguwa.

Dunƙule ko wata-wata

Naira 15,000 tana rage yunwa, amma ba ta mayar wa mai sana'a sana'arsa. Gwaji mafi girma a Afirka, wanda ƙungiyar GiveDirectly take yi a ƙauyukan Siaya da Bomet a Kenya, ya raba mutane gida uku: masu karɓar kimanin dala 22 a wata na shekara 12, masu karɓar haka na shekara 2, da waɗanda aka dunƙule musu kimanin dala 500 lokaci guda. Sakamakon farko da aka fitar a 2023 ya nuna mutane ba su daina aiki ba, da yawa sun bar aikin ƙwadago sun koma sana'ar kansu, kuma dunƙulallen kuɗi ya fi na wata-wata na shekara 2 haifar da sababbin sana'o'i. Masu karɓa na dogon lokaci ma adashi suka riƙa shiga don su dunƙule nasu. A Finland kuwa, inda aka bai wa marasa aiki 2,000 yuro 560 a wata a 2017 da 2018, ƙarin aikin da aka gani kaɗan ne, abin da ya fi fitowa shi ne kwanciyar hankali.

Saboda haka ku ba kowa damar karɓar rabon wata shida a dunƙule sau ɗaya, naira 90,000, bayan ya yi wata uku a cikin shirin. A lura, asusun matakin farko, wato mafi ƙanƙantar matakin asusun banki, ba ya karɓar fiye da naira 50,000 a shiga guda, kuma ba ya riƙe fiye da 300,000, don haka a ɗaga matakin asusun ko a raba kuɗin gida biyu. Mutum biyar da suka haɗa nasu suna da jarin da ya fi na kowannensu amfani. A riƙa kafe jerin sana'o'in da aka riga aka buɗe a yankin, domin idan gida goma a lungu ɗaya suka sayi injin markaɗe, babu wanda zai mayar da kuɗinsa. Koyon sana'a a ajiye shi a gefe ga mai so, ba dole ba. Mai surfanin hannu ya riga ya san zane da zare da yadi, shi ya fi kowa dacewa da koyon zana aikin a kwamfuta da sarrafa injin da ya rage masa ciniki. Gyaran waya irin na kasuwar Farm Centre da haɗa sola su ma suna ɗaukar masu koyo.

Aunawa da rufewa

Kafin biyan farko a yi wa yankin da ke karɓa da na kwatance tambayoyi iri ɗaya: awa nawa aka yi aiki a makon jiya, sau nawa aka ɗora tukunya jiya, bashin nawa ake bin gidan, yara nawa ke zuwa makaranta, wa ya yi rashin lafiya aka kasa kai shi asibiti. A maimaita a wata na 12 da na 24. A kwatanta lokaci da irinsa, domin tela da mai surfani a makonnin kafin Sallah ba sa barci, bayan Sallah kuma shago shiru. Wanda ya auna farko a Sha'aban ya auna ƙarshe a Muharram zai ɗauka tallafi ne ya kashe aiki. Masu binciken su fito daga waje, kamar malaman jami'a da ɗalibansu, a kuma biya mutanen yankin kwatance ladan lokacin da suka bayar.

Ranar ƙarewa a faɗe ta tun ranar farko, a rubuta a katin kowa. A tuna wa mutane saura wata shida, a sake saura wata uku, a shawarci masu adashi kada su buɗe zagayen da zai wuce watan ƙarshe. Wanda ya rasu a tsakiya a biya magadansa rabon watan da ya rasu a rufe asusun, wanda ya cika 18 a sa shi a zagayen sabunta rajista na wata shida-shida daga kuɗin ko-ta-kwana, wanda ya tashi daga unguwar kuma a ci gaba da biyansa har ƙarshe, don kada tallafin ya hana mutum bin aikin da ya samu a wani gari.